Ƙwan Wahabu, Hannun Hamman

Duk wanda ya ci kasuwannin ƙasar Magariya daga shekarun tamanin zuwa 'yan shekarun nan, in dai yana da ido, ya ga wasan Abdulwahabu na Waca. Ba mai wahalar da bakinsa da dogon sunan, Wahabu Mai Ƙwai ake ce masa. Gajere ne mai tumbi, muryarsa kamar ta mai tallan maganin ɓera. Ɗan dabo ne, irin masu rufa idon nan da kan ɓatar da abu a gabanka su fito da shi inda ba ka zato, sai dai shi nasa dabon da barkwanci yake tafiya. Mutane ba don su ji tsoro suke kewaye shi ba, don su yi dariya ne har su riƙe ciki. Shekara talatin da 'yan kai sunansa na gaba yana biye, har ya kai shi gidan tele a Damagaram. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, rabin aikin na wani ne, wani Bafulatanin Dogo-Dogo mai suna Hamman. Wasan nan ya zubar wa Hamman da mutunci a garinsu, kuma ba abin da zai kwashe shi sai Wahabu ya yarda ya zubar da nasa sunan.

An haifi Wahabu a Waca shekara biyu bayan samun mulkin kai. Ubansa Babarbare ne, farken kanwa da ya zo wucewa ya ga wuri ya zauna. Uwarsa Yakura tana dafa ƙwan zabi da damina tana sayarwa a bakin tasha. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu, mushe malaminsu ya gaji da bakinsa, shi ma ya gaji da bulalar mushe, suka rabu kowa na hamdala. Ya yi noman gero da gyaɗa kamar kowa. Da ya kai shekara ashirin ya tafi cin rani Kano, a can ya ga wani ɗan dabo, ya nace masa har mutumin ya karɓi rediyon Wahabu ya koya masa abu uku: ɓoye ƙwai a hannun riga, yanke igiya ta koma ɗaya, da ɓatar da goro a ƙarƙashin ƙoƙo. Da su ya dawo gida. A faɗi gaskiya, Wahabu bai taɓa zama gwanin hannu ba. Yatsunsa na manomi ne, gajeru masu kauri. Arzikinsa a bakinsa yake, don yana iya tsayar da mutum ɗari a tsakiyar rana da surutu kawai, har su manta abin da ya kawo su kasuwa.

Akwai wata ƙa'ida a sana'ar da ba a Kano ya koyo ta ba. A ƙasar nan ba ka jawo magidanci tsakiyar fili ka mai da shi abin dariya, sannan ka ce za ka koma gida da haƙoranka cif. Amma Babarbare da Bafulatani abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, wanda ya yi fushi kuwa shi ya faɗi. Don haka in Wahabu zai nemi wanda zai tsaya masa a fili, sai ya duba cikin taro ya nemi mai malafa da sanda. Wannan gadon na ubansa ya fi gonar da ya bar masa ba shi abinci.

Shekara ɗaya bayan babban farin tamanin da huɗu, a kasuwar Bande, ya hango wani dogon Bafulatani siriri a bayan mutane, rungume da malafu na sayarwa.

"Kai ɗan Fulani, matso ka ga abin da ubangidanka ya iya," in ji Wahabu.

Mutumin ya matso ba musu. Wahabu ya ba wani mahauci ƙwai ya yi masa zane da gawayi, ya karɓa, ya juya hannu, ƙwai ya ɓace. Hannun riga ya shige, inda aka ɗinka masa ɗan aljihu. Abin da ya rage shi ne ya kama Bafulatanin yana zolayarsa, ya zaro ƙwan ta bayan kunnensa. Ya kai hannu, wayam. Ya lalubi wannan hannun riga, ya lalubi wancan, ya duba ƙasa. Gumi ya karyo masa na gaske, mutane kuwa sai dariya suke don sun ɗauka cikin wasan ne. Can sai Bafulatanin ya cire malafar kansa zai yi fifita, ga ƙwai kwance a ciki da zanen mahauci. Ya kurma ihu, ya daka tsalle kamar ya taka garwashi. Ranar an yi dariya har wata mai fura ta kifar da ƙwaryarta.

Da kasuwa ta fara watsewa Wahabu ya same shi a bayan kara, inda ake sayar da dabbobi.

"Yaushe ka ɗauka?"

"Lokacin da ka kama hannuna. Ai ko jaki ya ga inda ka sa shi, Babarbare."

Sunansa Hamman. Fari ya cinye masa shanu, ya bar shi da awaki biyu da iyali, ya koma saƙar malafa da tufkar igiya. Yatsunsa dogaye ne sirara, kuma in suka shiga aljihunka sauro ya fi su motsi. Da ya so zama ɓarawo da babu kasuwar da za ta zauna lafiya, amma Allah bai ɗora masa ba. A nan gindin tsamiya suka ƙulla magana. Abin da aka samu a raba biyu. Wahabu ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Hamman kuma ya kafa nasa sharaɗin: duk kasuwar da mutumin Dogo-Dogo zai iya zuwa a kan jaki ya koma a rana ɗaya, ba za a yi wasa da shi a can ba. Dungas ta fita ke nan, Maigatari ma ta fita. A gida an san shi da yawon sayar da malafu, kuma ba ƙarya ba ne, yana sayarwa.

Haka suka kama aiki. Kowa da motar da zai shiga, kowa da inda zai ci abinci. Wahabu ya buɗe fili, Hamman ya zo wucewa kamar baƙo, a kira shi yana noƙewa. Wasan da ya yi suna shi ne na kaza. Wahabu zai ɓatar da ƙwan da wani ya yi wa alama, ya dafe kai ya ce, "Ayya jama'a, an yi kuskure, ƙwan ya shige cikin bawan nan nawa." Hamman ya dafe ciki, ido ya raina fata, ya cakumi rigar Wahabu yana girgiza shi yana roƙon a fitar masa. A cikin wannan cakumar aikin duka yake ƙarewa, don a nan yake zare ƙwan. Sai Wahabu ya ce ai ba wata hanya sai wadda kaza ta sani. Hamman ya ƙi, ya yi magiya, ya fashe da kuka, daga ƙarshe ya tsuguna ya buɗe hannuwa kamar fiffike yana kukan kaza, ƙwai ya gangaro daga ƙarƙashin rigarsa da alamarsa.

Za a ce yaya aka yi ba wanda ya gane mutum ɗaya ne a kowace kasuwa? To, yau malafa, gobe rawani, jibi gemu ya tsawo, gata an aske. Ban da haka, mutanenmu ba fuskar Bafulatani suke kallo ba, sandarsa suke kallo. 'Yan kasuwar da suka ɗan yi zargi kuwa sun ja bakinsu, tunda taron Wahabu ciniki yake kawo musu.

Daga kasuwa aka fara kiran Wahabu bisa dandamali. Gidan matasa na Magariya, bikin Sallah a Mirriya, taron gangamin 'yan siyasa, saukar karatun 'ya'yan alhazai. Ya auri Hinda, ya gina ɗaki biyu na siminti a Waca. Hamman ya mai da shanu shida, ya aurar da 'ya'yansa, ya riƙe 'yan mata biyu da wansa ya rasu ya bari, Hannatu da Ruma'isa. A garinsu dattijo ne mai ƙarancin magana, in ana rabon gardama kan gona ko saniya akan nemi bakinsa.

A shekarar dubu biyu da takwas wani mai shirya wasanni a wani gidan tele na Damagaram, Mushe Auwalu, ya ga Wahabu a Mirriya ya ce yana son wasan kaza a shirin Sallah. Wahabu ya kai wa Hamman maganar. Hamman ya yi tambaya ɗaya: Damagaram kwana nawa ne a kan jaki? Wahabu ya ce ya fi uku. Akwai tele a Dogo-Dogo? Ina fa, ko lantarki babu. Hamman ya ce to ba laifi. Manyan mutane biyu suka zauna suka auna nisan hoto da ƙafar jaki, kuma lissafin ya yi musu daidai.

Ranar ɗauka aka cika zaure da mutane, aka kunna fitilu masu zafi. Hamman bai taɓa wasa kamar na ranar ba. Wajen cakumar malafarsa ta faɗi, mai kamera ya matso da ita dab da fuskarsa, hawaye shaɓe-shaɓe, leɓe na rawa. Ya tsuguna, ya yi kukan kaza, ƙwai ya gangaro. Bayan Sallah da sati ɗaya Wahabu ba ya iya ratsa tashar Damagaram sai an tare shi.

Tunda birni ya san fuskar Hamman, ba zai ƙara zama baƙo ba, sai suka sake salo. Hamman ya naɗa rawani, ya sa baƙin tabarau, ya koma cikin 'yan kallo. Wahabu ya ɓatar da zobe ko makullin moto, ya ratsa cikin mutane yana zolaya, ya gifta ta gaban Hamman, abin ya sauya hannu, shi ke nan. Jim kaɗan abin ya fito daga aljihun wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. An taɓa fitar da goro daga aljihun wani jandarma, an taɓa fitar da ƙwai daga jakar matar wani babban ma'aikaci. A nan ne sunan Wahabu ya kai inda ya kai, don waɗannan kowa ya san ba da su aka haɗa baki ba. Aka ba shi fili a tele duk wata. Wasu suka ce aljanu gare shi, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Hoton kaza kuwa yana nan bai mutu ba. Da salula, wayar hannu mai bidiyo, ta cika ƙauyuka, wani ya kwafo shi, aka yi ta tura wa juna, har a shekarar dubu biyu da sha biyar ya iso Dogo-Dogo a aljihun wani mai kabu-kabu. Kafin la'asar duk garin ya gani. Ga dattijonsu mai rabon gardama yana kuka gaban mata, yana tsugune yana fiffike. Ba wanda ya yi zaton wasa ne. Abin da suka gani shi ne wani Babarbare ya yi masa asiri, shi kuma tsoro ya kashe shi ya zubar da fulakonsa a gaban duniya. Yara suka sa masa Hamman Kaza. Aka daina neman bakinsa. Da auren Hannatu ya zo, shi ne babba a gidan, shi ya kamata ya zama waliyyi ya ba da ita, amma dangi suka ce in ya buɗe baki taron zai fashe da dariya, aka ba ƙaninsa. Bayan shekara biyu hawan jini ya buge shi, ya tashi, hannun dama bai tashi ba.

Wahabu ya shelanta cewa ya bar manyan wasanni saboda shekaru da shawarar malamai. Mutane suka ƙara ganin girmansa, suka ce abin na nan a hannunsa, tsoron Allah ne ya sa ya ajiye. Ya ci gaba da shirin tele da igiya da goro da bakinsa, ƙungiyoyin rigakafi suna ɗaukarsa ƙauyuka ya tara musu jama'a.

Wata rana da hantsi Hamman ya sauka a ƙofar gidansa a Waca. Suka zauna a zaure, Hinda ta kawo fura ta koma bayan ƙyaure.

"Babarbare, ba abin hannunka na zo nema ba, bakinka na zo nema. Ka zo garinmu ka gaya musu ba tsoro ne ya sa ni kuka ba, aiki ne."

"Na warware maka rantsuwar. Gaya musu da kanka."

"Kaza ta ce ita ba kaza ba ce, wa zai ji? Da wannan na nan da na nuna musu." Ya ɗaga hannun daman da na hagu, ya sake shi ya faɗi bisa cinyarsa.

"Ba ka ganin in suka ji da gangan ka yi, abin zai fi muni?"

Hamman ya yi murmushi. "Har yau ba ka san iyayengidanka ba. Wanda tsoro ya sa shi kuka gaban mata, wannan ya mutu. Wanda ya yi shekara talatin yana yi wa Haɓe wayo suna tafa masa, har waƙa sai an yi masa. Saura Ruma'isa. In ta tafi ba ni na ba da ita ba, ka riƙe maganarka, ba ni da sauran amfani da ita."

Wahabu ya san abin da ake nema. In ya faɗa, duk wanda ya taɓa buɗe baki yana mamakinsa zai san an yi masa wayo ne, kuma ba aljani ko ɗaya. Ya ce, "Bari Sallah ta wuce."

Ƙarama ta wuce, babba ta wuce. Ya ce bari a yi shuka, aka yi. Ya ce bari a yi girbi. Wahabu ba mugu ba ne, yana ƙaunar Hamman, in ya tuna shi har abinci ya kan fita ransa. Amma yana son sunan nan kamar ransa, yana jin daɗin yadda ake miƙewa in ya shiga wuri, kuma matsoraci ne. Duk kaka sai ya ɗora buhun gero a moto ya aika Dogo-Dogo. Hamman ya kira ya yi godiya, ya ce yaushe? Wahabu ya ce an kusa. A haka aka ci shekara biyar. A ta biyar Hamman ya yi godiya bai ce yaushe ba.

Hinda ce ta kawo labarin daga wajen wata mai nono, cewa an sa ranar Ruma'isa bayan an cire gyaɗa, saura sati uku. Tun ranar furar nan ta san komai, ba ta taɓa ɗaga maganar ba sai ranar.

"Malam, in ba za ka je ba, ka daina aika masa geron nan. Ni kunya nake ji in ana ɗora buhun a moto."

Kwana biyu Wahabu yana zagaye a tsakar gida, a na uku ya sa babbar rigar wasansa, ya sayi ƙwai biyu, ya hau kabu-kabu.

Ya isa unguwar Fulanin Dogo-Dogo ana idar da la'asar. Labari ya bazu cewa Wahabu na tele ya zo da kansa. Arɗo, shugaban Fulanin wurin, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, maza suka cika wurin, mata suka tsaya a bakin darni. Hamman na can gefe bisa buzunsa, da ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Wahabu ya miƙe, ya yi sallama, tun daga sallamar aka fara murmushi.

"Jama'a, ba wasa ya kawo ni ba. Hoton nan da kuka gani, da sanin Hamman aka yi shi. Ba ni da asiri, ba ni da aljani. Shekara talatin shi ke aikin, ni surutu ne nawa."

Wuri ya kaure da dariya.

"Wallahi tallahi gaskiya nake gaya muku."

Dariyar ta ninka. Wani tsoho ya goge hawaye ya ce, "Allah ya bar mana kai, Babarbare! Ku ji yadda ya tsuke fuska!" Wahabu ya ji wani tsoro da bai taɓa ji ba a fili. Shekara da shekaru ya horar da mutane su yi dariya da zarar ya buɗe baki, yau ga shi yana neman a yarda da shi ba mai yarda. Ya dubi Hamman, Hamman na kallon ƙasa.

Sai ya tuɓe rigar ya miƙa wa Arɗo, ya juya hannunta ya nuna masa aljihun. Ya mai da ita, ya sa aka yi wa ƙwai alama, ya ɓatar da shi, ya kira wani ƙato ya ce ya tsuguna. Ƙaton ya tsuguna yana dariya, ya yi kukan kaza har sau uku, ba abin da ya faɗo. Wahabu ya zazzage hannun riga, ƙwai ya fito.

"Nan ya shiga, nan zai zauna har ya ruɓe. Ni iyakata ke nan."

Dariya ta ragu, amma wani daga baya ya ce ai ɓoye ƙarfinsa yake don ya wanke abokin wasansa. Kawuna suka fara gyaɗawa. Wahabu ya ce, "Wa ke da hoton a salularsa?" Hannu ya fi goma ya tashi. Ya karɓi ɗaya ya ba Arɗo.

"Ranka ya daɗe, a daidai inda ya cakume ni, bar kallon fuskarsa. Kalli hannunsa na dama."

Arɗo ya kai salular dab da idonsa, dattawa suka dafa kafaɗunsa. Aka maimaita, aka sake maimaitawa. A karo na huɗu suka gani: yatsu biyu dogaye sun shiga hannun rigar sun fito, sun wuce ƙarƙashin taguwar Hamman, duk a cikin ƙiftawar ido, fuskar kuwa tana ta zubar da hawaye. Shekara bakwai suna kallon hoton nan, ba wanda ya taɓa duba hannun.

"Kai! Kai! Kai!" in ji Arɗo. Ya juya wajen Hamman. "Baffa, duk kai ne?"

"Har da na aljihun jandarman," in ji Hamman.

Aka sake fashewa da dariya, amma wannan wata iri ce. Maza suka tashi daga tabarmi suka kewaye buzunsa, kowa na son ya ji na matar ma'aikacin. Wahabu ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili da ƙwai a hannu.

Wani ya ɗauki abin duka a salula, kamar yadda Wahabu ya san za a yi. Kafin sati ya zagayo an gani a Magariya da Damagaram. Daga gidan tele aka kira aka ce a ɗan dakata da shirin tukuna, ba a sake kira ba. Masu rigakafi suka sami wani mawaƙi. Mutum kan yafe wa wanda ya cuce shi, amma da wuya ya yafe wa wanda ya nuna masa wautarsa, don haka waɗanda suka fi rantsuwa da aljanun Wahabu su suka fi zaginsa. Ya kafa tebur a tashar Waca yana sayar da goro. Yara suka samo masa waƙa, in ya gifta sai su ce, "Wahabu, ina ƙwan?"

Ranar ɗaurin auren Ruma'isa ya je, ya zauna a sahun baya. Liman ya tambayi waliyyi, Hamman ya gyara zama a gaba da farar rigarsa, ya ce ya ba da ita. Ba wanda ya yi ko tari. Aka shafa fatiha, aka raba goro, mutane suka yi layi suna gaishe shi da hannun hagu.

Da Wahabu zai tafi, Hamman ya rako shi wajen masu kabu-kabu. Yaran garin suka biyo su a baya. "Wahabu, ina ƙwan? Wahabu, ina ƙwan?" Wahabu ya ja ya tsaya zai juya, amsa ta riga ta zo masa baki. Hamman ya riƙe masa hannu.

"Kada ka waiwaya, in ka waiwaya sun samu abin da suke so. In za ka kasuwa ka riƙa bi ta bayan gari. Kuma kada ka fito lokacin da ake tashi daga lakwal." Yana faɗa ne a hankali, kamar mai kwatanta wa baƙo hanya. "Shekarar farko ce mai wuya."

"Ta biyun fa?"

"Ita ma."

Wahabu ya tsaya yana dubansa. Shi sati uku kawai ya yi a ciki, har ya rame. A duk shekarun nan da yake aika gero, bai taɓa tambayar mutumin nan ta ina yake bi ya je kasuwa ba. Kunya ta rufe shi, idonsa ya cika.

"Ka yafe mini, Hamman."

"Hau, Babarbare, rana na yi."

Ya hau. Yaran suka bi moton a guje suna kira har bakin gari, bai waiwaya ba.